Kofin da ya kwana a jingina: tarihin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta West Auckland

Duk wanda ya taɓa zama bencin mai shayi a tashar Maraɗi ko ta Damagaram ya san sunan Lipton, ko da kuwa bai taɓa tunanin cewa sunan mutum ne ba. To, mutum ne: Thomas Lipton, ɗan talakawan birnin Glasgow na ƙasar Sikotilan, wanda ya buɗe kantinsa na farko a 1871, ya sayi gonakin shayi a tsibirin Silon a 1890, ya zama ɗaya daga cikin attajiran zamaninsa. Lipton mutum ne mai son a ji sunansa, kuma ya gane tun da wuri cewa filin wasa wuri ne na talla. Ya yi takarar tseren jiragen ruwa da Amurkawa har sau biyar bai ci ba, ya kuma raba kofuna a ƙasashe daban-daban. Ɗaya daga cikin kofunan nan shi ne ya haɗa sunansa da wani ƙauyen masu haƙar gawayin ƙasa a arewa maso gabashin Ingila, ƙauyen da ake kira West Auckland.

Garin yana cikin lardin Durham, a bakin wani ƙaramin kogi mai suna Gaunless, kusa da Bishop Auckland. Ko a yau jama'arsa ba ta kai dubu goma ba. Arzikinsa duka a ƙarƙashin ƙasa yake, wato baƙin dutsen nan mai cin wuta, irin wanda SONICHAR ke haƙowa a Anu Araren. Saboda gawayin ne hanyar jirgin ƙasa ta Stockton da Darlington, wadda aka buɗe a 1825, ta ratsa ta nan, a kan wata gadar ƙarfe da George Stephenson ya zana. Kafin zancen ƙwallo, abin da ya fi fitar da sunan ƙauyen abin kunya ne: a nan aka kama Mary Ann Cotton, matar da aka rataye a Durham a 1873 bisa laifin kisa da guba. Mutanen garin ba su cika son a fara tarihinsu daga nan ba.

A farkon ƙarni na 20 lardin Durham ya kai ƙololuwar haƙar gawayi. A 1913 ramukansa sun fitar da tan miliyon 41, kuma mutum sama da 160,000 ke aiki a cikinsu. Kusan kowane ƙauye rami ne ya haife shi. Mai rami shi ke da gidajen da ma'aikata ke kwana, saboda haka wanda ya rasa aiki ya rasa ɗaki a rana guda. Yaro yakan sauka ƙarƙashin ƙasa yana da shekara 13. Kowane wata uku ana jefa ƙuri'a don raba wuraren aiki a cikin ramin, domin wani wurin gawayinsa da taushi, wani kuma dutse ne da ruwa, alhali gwargwadon abin da mutum ya fasa ake biyan shi. Ƙuri'ar ita ke yanke ko iyali za su ƙoshi cikin watannin da ke tafe. Mutuwa kuwa ba baƙuwa ba ce. Ranar 16 ga Fabrairu 1909, wata biyu kafin tafiyar da za a ba da labarinta a nan, wuta ta tashi a ramin West Stanley da ke arewacin lardin, mutum 168 suka hallaka, manya da yara.

Cikin irin wannan rayuwa ƙwallon ƙafa ya samu gindin zama. Wasa ne da ba ya neman jari: fili, ƙwallo ɗaya da yammacin Asabar. Mutanen da suka saba dogaro da juna cikin duhu, inda sakacin ɗaya ke iya binne goma, ba su sha wahalar koyon wasan tarayya ba. An kafa ƙungiyar West Auckland a 1893, ta yi shekaru tana karawa da maƙwabta a ƙananan gasanni, sannan a 1908 ta shiga gasar da ake kira Northern League.

Wajibi ne a tsaya kan wannan gasa, domin a nan ne masu ba da labarin suka fi yin kuskure. Tun 1885 hukumar ƙwallon Ingila ta halatta biyan ƴan wasa albashi, kuma daga 1888 manyan ƙungiyoyin birane suka kafa tasu babbar gasar. Duk ƙungiyar da ba ta cikin wannan tsari ana lissafa ta a ƴar waje, komai ƙarfinta. Northern League, wadda aka kafa a 1889, ita ce gasa ta biyu mafi tsufa a duniya da har yanzu ake bugawa, kuma da tafiya ta yi tafiya sai ta zama ta ƴan sa-kai, waɗanda ke wasa bayan sun tashi daga aiki. Rashin albashi bai hana su ƙwarewa ba. Kofin ƴan sa-kai na Ingila duka, wanda aka fara a kakar 1893 zuwa 1894, sau da yawa arewa maso gabas yake kwana. Bishop Auckland ta ɗauke shi a 1896 da 1900, Crook Town a 1901, Stockton a 1899 da 1903. Daga baya Bishop Auckland ta cika sau 10, abin da babu wata ƙungiya da ta yi. A ɓangaren masu albashi kuma Newcastle United ce zakarar Ingila a 1905, 1907 da 1909, kuma manyan ƙungiyoyi sun saba leƙa ƙauyukan ramuka neman ƴan wasa. Ke nan West Auckland, duk da tana can ƙasan jerin gasarta a kakar 1908 zuwa 1909, ta fito ne daga yankin da ƙwallo ya nuna sosai.

A can Italiya kuwa wasan yana rarrafe ne. A 1908 wata jaridar wasanni ta birnin Turin ta shirya gasa tsakanin ƙungiyoyin ƙasashe daban-daban, ƙungiyar Servette ta ƙasar Suwis ta cinye. Shekarar da ta biyo Lipton ya ba da kofi na azurfa don a sake irin wannan taro da ƙarin armashi, aka nemi wakilai daga Italiya, Jamus, Suwis da Ingila. Hukumar ƙwallon Ingila, wadda a lokacin take kallon ƙwallon sauran Turai da raini, ta ƙi tura kowa. Gayyata ta ƙare a hannun West Auckland.

Akwai wani labari da ya yi kaka-gida game da wannan gayyata. Wai Woolwich Arsenal ta Landan aka nufa, sai wani akawu ya ga haruffa biyu, W da A, ya aika wasiƙar ƙauyen da bai dace ba. Labarin yana da daɗin ji, shi ya sa ya daɗe, amma babu wata takarda da ta goyi bayansa, kuma Arsenal ta 1909 ba ta da sunan da zai sa attajiri ya nace sai ita. Abin da ya fi damun mai nazari shi ne abin da labarin ke ɗauke da shi a ɓoye, wato ba yadda za a yi a gayyaci leburorin rami da gangan. Ana ba da shi da nufin yabo, amma raini ne a ƙarƙashinsa. Ya mai da mutanen da suka je suka ci wasa huɗu cikin tafiya biyu, ba tare da an doke su ko sau ɗaya ba, wasu masu tsintuwa a bakin hanya.

Gayyata dai ba ta zo da guzuri ba. Ƴan wasan, waɗanda mafi yawansu masu haƙa ne, su suka nemi kuɗin tafiya. Wanda ya bar rami na kwanaki ya bar ladan kwanakin, kuma dole ya roƙi shugaban aiki kada a ba wani gurbinsa. Abin da iyalan garin suka riƙe har yau shi ne cewa wasu sun kai kayan ɗakinsu wurin masu karɓar jingina. Ga matan gidajen, wannan ba wasa ba ne. A ƙauyen rami kayan ɗaki su ne ajiyar ranar yajin aiki ko ranar da aka ɗauko maigida a kan makara, ga shi an fitar da su don maza su je buga ƙwallo a ƙasar da ba wanda ya san harshenta. Tarihi ya adana sunayen waɗanda suka ci ƙwallaye, bai adana abin da aka ce a ɗakunan girki ba.

Suka kama hanya a lokacin hutun Ista: jirgin ƙasa zuwa kudu, jirgin ruwa zuwa Faransa, jirgin ƙasa kuma ta cikin duwatsun Alp har Turin. A wasan farko suka doke Sportfreunde ta birnin Stuttgart da ci 2 da nema. Ranar 12 ga Afirilu 1909 suka gamu da Winterthur ta Suwis a wasan ƙarshe, suka sake cin 2 da nema. Kyaftin ɗinsu, Bob Jones, shi ya karɓi kofin. A Turin an yi musu biki. A Ingila manyan jaridu kusan ba su kula ba, domin a ganinsu Bature ɗan Ingila ya doke ɗan Jamus a ƙwallo ba labari ba ne.

Bayan shekara biyu, a 1911, aka sake kiran su su kare kofin. Ƙungiyar ta canza sosai, ƴan kaɗan ne daga tawagar farko suka koma, Bob Jones na cikinsu. Suka fitar da FC Zürich da ci 2 da nema, sannan ranar 17 ga Afirilu suka lallasa Juventus da ci 6 da 1 a garinta. Wannan sakamako shi ne aka fi ambata, kuma shi ne ya fi buƙatar a sa masa linzami. Juventus ta 1911 ba ita ce ta zamanin nan ba. An kafa ta a 1897, sau ɗaya ta taɓa zama zakarar Italiya, a 1905, kuma iyalan Agnelli masu kamfanin Fiat ba su karɓe ta ba sai a 1923. Ƙungiya ce ta ɗalibai da ƴaƴan masu hali da ke wasa don nishaɗi. Abin da ya faru a filin shi ne ƙwallon da ya yi shekara arba'in yana girma ya gamu da wanda bai cika ashirin ba. Wannan bai rage wa masu haƙar komai ba. Ƴaƴan masu kuɗi da ke kwana a gidajensu sun sha kashi a hannun mutanen da suka kwana a kujerun jirgi. Bisa ƙa'idar gasar, wanda ya ci sau biyu a jere ya mallaki kofin, saboda haka azurfar Lipton ta taho Durham, kuma ba a sake yin gasar ba.

Daga nan ne labarin ya juya. Tafiya biyu zuwa Italiya sun fi ƙarfin asusun ƙungiyar ƙauye da ke rayuwa da ɗan abin da ƴan kallo ke biya a ƙofa. Suna dawowa bashi ya tare su. Cibiyar ƙungiyar a lokacin wani otel ne mai suna Wheatsheaf, inda ake taro, ake kuma canza kaya. Mai otel ɗin, Madam Lanchester, ta ba su rancen fam 40, kuɗin da ya kai ladan watanni da dama na mai haƙa, ta karɓi kofin a matsayin jingina. Ba a fanshe shi ba. A 1912, shekarar da masu haƙar gawayi na Birtaniya duka suka yi yajin aikin da ya tilasta wa gwamnati kafa dokar mafi ƙarancin lada, ƙungiyar ta wargaje. Garin da ba a biyan albashi ba ya sayen tikitin kallo. Aka sake kafa ta a 1914 da sunan West Auckland Town, sai ga yaƙin duniya na farko ya kwashe samarin. Ba ta koma Northern League ba sai 1934.

Cikin waɗannan shekaru aka yi wata badaƙala da ke nuna yadda kalmar sa-kai take da nauyi daban a bakin mai hali da bakin talaka. Waɗanda suka rubuta dokar hana karɓar kuɗi mutane ne da ba su rasa komai in sun bar ofis da wuri ranar Asabar. Mai haƙa kuwa in ya bar aiki don wasa, cikin ƴaƴansa ne ke biya. Saboda haka ƙungiyoyin lardin suka saba saka wa ɗan wasa wani abu a takalmi, suna rubuta shi a littafi da sunan kuɗin shayi. A 1928 asiri ya tonu daga ƙungiyar Crook Town, bincike ya bazu, aka dakatar da ƴan wasa sama da 300. Hukumar Ingila ba ta soke bambancin ɗan sa-kai da mai albashi ba sai 1974, lokacin da kowa ya riga ya san cewa bambancin a takarda kawai yake.

Kofin dai ya bar garin tare da mai riƙe da shi. Ya yi kusan shekara hamsin a hannunta, har yaran da aka haifa bayan 1911 suka yi furfura ba su taɓa ganin sa ba. A 1960 aka gano matar tana zaune a Liverpool, kofin yana nan lafiya lau. Ba ta sake shi a fam 40 ba. Mutanen ƙauyen suka yi karo-karo suka tara fam 100, aka je aka ɗauko shi. Ba attajiri ne ya fanshe shi ba, ba kuma hukumar ƙwallo ba. Jikoki ne suka biya bashin kakanninsu, har da riba.

Dawowar kofin ta zo daidai da lokacin da ƙungiyar ta fi ƙarfi a tarihinta. Ta zama zakarar Northern League a 1960 da 1961, kuma a 1961 ta kai wasan ƙarshe na kofin ƴan sa-kai a filin Wembley, inda Walthamstow Avenue ta Landan ta doke ta da ci 2 da 1. Ta fuskar ƙwallo zalla, shekarun nan biyu sun fi na Turin wuya, domin kakar wasa ce cikakkiya da ƙungiyoyin da suka san juna ciki da bai. Amma su ba a yi musu fim ba.

Ramukan sun koma hannun gwamnati tun 1947, kuma tun daga ƙarshen shekarun 1950 aka shiga rufe tsofaffin da ke yammacin lardin, waɗanda gawayinsu ya yi nisa ko ya yi siriri. Na West Auckland ya rufe a 1967. Wasu ma'aikatan aka mai da su manyan ramukan bakin teku, wasu suka yi ƙaura zuwa tsakiyar Ingila, wasu suka zauna a gida da tarin ƙura a huhu. Bayan babban yajin aikin 1984 zuwa 1985, wanda masu haƙa suka sha kaye a hannun gwamnatin Margaret Thatcher, sauran ramukan suka bi sahu, har na bakin tekun aka rufe su a 1993. Ƙauyuka da yawa na Durham sun rasa rami, suka rasa kanti, suka rasa ƙungiyar busa, suka rasa ta ƙwallo. Ta West Auckland ta ci gaba da fita fili a Darlington Road, da taimakon mutanen da ke yanke ciyawa, suna wanke riguna, suna sayar da shayi a ƙofa ba tare da lada ba.

Wani abin lura shi ne, gwargwadon yadda gawayi ke ƙarewa, gwargwadon yadda labarin 1909 ke girma. A 1982, shekarar da aka yi gasar kofin duniya a Sifen, gidan telebijin na Tyne Tees ya fitar da fim a kan tafiyar, Dennis Waterman ya fito a matsayin Bob Jones. A wannan shekarar Italiya ce ta ɗauki kofin duniya, da ƴan wasan Juventus da dama a cikinta, irin su Dino Zoff da Paolo Rossi, abin da ya ƙara wa ci 6 da 1 gishiri. Daga nan laƙabin masu kofin duniya na farko ya manne wa garin, har aka rubuta shi a allunan bakin hanya. Laƙabin ya zarce gaskiya. Gasar ta ƙungiyoyi huɗu ce daga ƙasashen Turai, ba ta ƙasashe ba, wadda aka yi a 1908 ta riga ta, kuma hukumar FIFA daga gasar Uruguwai ta 1930 take fara lissafi. Sai dai mai hukunci ya kamata ya duba wanda ke riƙe da laƙabin da kuma abin da ya rage masa. Garin da aka ƙwace wa sana'arsa, in ya ɗan ƙara wa tarihinsa tsawo, bai cuci kowa ba. Illar kawai ita ce ƙarin yakan rufe ɓangaren da ya fi koyarwa, wato jingina, wargajewa da karo-karo.

A watan Janairu 1994 ɓarayi suka shiga gidan ƙungiyar ma'aikata na garin, inda ake ajiye kofin, suka tafi da shi. An sa lada, ƴan sanda sun yi bincike, ba a sake ganin sa ba. Abin da ya tsira shekara kusan hamsin a hannun mai bin bashi bai yi shekara talatin da biyar a hannun masu shi ba. Kamfanin Unilever, wanda a lokacin shi ke riƙe da sunan Lipton, ya ɗauki nauyin ƙera wani, wani maƙerin azurfa na birnin Sheffield mai suna Jack Spencer ya yi aikin daga hotuna.

A 2009, don cikar shekara ɗari, ƙungiyar ta koma Italiya ta kara da matasan Juventus, aka ci ta 7 da 1. Ta sake kaiwa Wembley sau biyu a kofin ƙananan ƙungiyoyi da ake kira FA Vase: Dunston UTS ta doke ta 2 da nema a 2012, Sholing ta doke ta 1 da nema a 2014. Zuwa Wembley uku ke nan, dawowa uku hannu wofi. Tsakanin waɗannan wasanni biyu, a 2013, aka kafa wani gunkin tagulla a dandalin ƙauyen, aikin Nigel Boonham. Mutum biyu ne a jikinsa: ɗan wasa a sama yana shirin dukan ƙwallo, a ƙarƙashinsa kuma mai haƙa a kishingiɗe da diga a hannu, yadda ake aiki a ramin da rufinsa bai kai tsayin mutum ba. Sabon kofin kuwa an ajiye shi a gidan ƙungiyar ma'aikatan da aka sace tsohon, a cikin akwatin da aka ƙara wa makullai.